Yadda Ake Rubuta Labarin Duniyar Ƙunci Mai Haɗa Sauya Ƙwayoyin Gado da Baƙar Tatsuniya

Karon farko da na gwada irin wannan rubutu, shafi talatin na ɓata ina bayanin injin da ke gyara ɗan tayi: yawan alluransa, launin ruwan da ke cikin kwalabensa, har ƙarar da yake yi in an kunna shi. Na ba wata abokiyar rubutuna ta duba. Bayan kwana biyu ta dawo min da takardun, ba ta gyara ko harafi ɗaya ba, sai tambaya guda da ta rubuta a bayan shafin ƙarshe: "To wa ya ci bashin, wa kuma zai biya?" Na ji haushi, na ture rubutun gefe har wata guda. Da na huce na gane gaskiyarta. Na gina ɗakin gwaje-gwaje mai kyau, amma babu wanda ya shiga cikinsa da wata buƙata da ta hana shi barci.

Abin da ya haɗa tatsuniya mai duhu da kimiyyar sauya ƙwayoyin gado shi ne ciniki. Iyaye su ƙulla, ɗa ya biya. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ɗan tsakon da bai ma ƙyanƙyashe ba ruwan ke jira. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka tsaya.

Mataki na farko: ƙulla cinikin kafin komai

Kar ka fara da birni ko shekara, kar ma ka fara da sunan jarumarka. Ɗauki takarda ɗaya ka amsa tambayoyi huɗu: wa ke da buƙata, me aka ba shi, wane sharaɗi aka gindaya, wa sharaɗin zai faɗa wa.

Tsofaffin tatsuniyoyi na ko'ina a duniya cike suke da wannan tsari. Mace ta rasa haihuwa, ta je wurin wani abu da bai kamata a je wurinsa ba, ta samu ɗa, aka ce mata ranar kaza za a zo karɓa. Uba ya shiga ƙunci, ya yi alkawarin ba da abin da ya fara tarbarsa a ƙofar gida, yana zaton karensa ne, sai ga 'yarsa. Mai sauraro ya san ranar biya na zuwa tun daga jimla ta uku, kuma wannan sanin ne ke riƙe shi har ƙarshe.

Ga cinikin da zan riƙa jan misali da shi. Wata mata ta yi ɓari sau uku. Ta je wata cibiya da ake kira Gidan Reno, aka gyara mata ɗan tayi, ta haifi yarinya lafiyayya. Sharaɗi biyu aka sa: kullum kafin rana ta faɗi yarinyar za ta sha ɗigon wani ruwa da cibiyar kaɗai ke haɗawa, kuma ranar da ta cika shekara 16 za a zo a tafi da ita "don kammala kulawa". Uwar ta sa hannu.

Buƙatar uwar dole ta zama wadda mai karatu ba zai iya rainawa ba. In ka sa ta je ne don tana son yarinya mai dogon hanci, mai karatu zai tsaya daga nesa yana mata dariya, labarin kuma ya koma wa'azi. In ɓari uku ne suka kai ta, zai zauna kusa da ita a ɗakin jira, ya ji cewa da shi ne ma alƙalamin zai ɗauka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ka tabbata yunwar gaske ce ta sa aka ci ladan.

Sharaɗin kuma ya zama mai sauƙin riƙewa. Wanda ba za a iya faɗarsa cikin numfashi ɗaya ba, bai nuna ba tukuna.

Mataki na biyu: koyi kimiyyar daidai gwargwadon buƙatarka

Ba sai ka zama masanin halittu ba. Amma akwai abubuwa kaɗan da in ka jahilce su labarinka zai zama sihiri sanye da farar riga.

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kusan kowace akwai DNA, wani dogon rubutu mai haruffa huɗu kacal: A, T, C da G. Rubutun ya kai haruffa wajen biliyan 6, an ɗaure shi ɗauri 46, rabi daga uwa rabi daga uba. A cikinsa akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ba da umarnin haɗa furotin. A shekarar 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da CRISPR, wata dabara da bakteriya ke kare kansu da ita, a matsayin almakashin da ake aikawa ya yanka wuri takamaimai a wannan rubutu. Sun samu kyautar Nobel a 2020. Wannan ya ishe ka harsashi. Abin da marubuci ya fi buƙata shi ne sanin inda almakashin ke kuskure, domin a nan labari yake kwance.

Abu na ɗaya, bambanci tsakanin gyaran jikin wanda ya riga ya zo duniya da gyaran ɗan tayi. In aka gyara ƙwayoyin ɓargon babban mutum, gyaran a kansa ya tsaya, da shi za a binne shi. In aka gyara ƙwai ko maniyyi ko ɗan tayi na kwanakin farko, gyaran zai bi 'ya'ya da jikoki. Na farkon magani ne. Na biyun, a harshen tatsuniya, shi ne la'anar da ke bin zuri'a, shi kuma kake so.

Abu na biyu, yawancin halaye ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da su ba. Cutar sikila harafi ɗaya ne ya sauya ya jawo ta. Amma tsawo, dubban wurare a DNA ne ke da hannu a ciki, kowanne da ɗan tasirinsa, ga abinci da yanayin tasowa. Basira da hali sun ma fi haka sarƙaƙiya. Saboda haka in wani a labarinka ya ce ya cire wa yara "ƙwayar taurin kai", ka sa ya zama ɗan talla ne ke magana, kuma ka bar taurin kan ya ɓullo ta wata kafa. Hukumar da ta yarda da ƙaryar da ta ƙirƙira ta fi ban tsoro a kan wadda komai nata ke tafiya daidai.

Abu na uku, ƙwayar gado ɗaya kan yi aiki fiye da ɗaya. Mai ɗauke da kwafi guda na sikila yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, mai kwafi biyu kuwa ciwo ya gada. Akwai wata ƙwayar gado, CCR5, wadda rashinta ke kare mutum daga yawancin nau'o'in HIV, amma yana sa cutar Yammacin Nilu ta fi yi masa illa. Garin neman gira a rasa ido ke nan, rubuce a cikin jini. Duk kyautar da ka ba wani a labarinka, nemi abin da ta ƙwace masa.

Abu na huɗu, almakashin kan yanka inda ba a aike shi ba, kuma gyaran ba ya kama dukkan ƙwayoyin ɗan tayi a kowane lokaci. Sai a haifi yaro wani sashen jikinsa gyararre, wani sashen yadda yake tun asali, mutum ɗaya mai rubutu biyu. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani.

Ciniki irin na tatsuniya kuwa ya riga ya iso asibiti. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila na farko da aka yi da CRISPR. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne. Kafin a mayar wa majinyaci ƙwayoyinsa da aka gyara, sai an share ɓargonsa da magani mai ƙarfi irin na kansa, wanda kan iya hana shi haihuwa. A raba ka da ciwo, a karɓi 'ya'yan da ba ka haifa ba. Da a bakin wata tsohuwa ka ji wannan, cewa za ka yi ƙirƙira ta yi.

Mataki na uku: sauya wa kayan tatsuniya tufafi

Nan ne daɗin aikin yake, nan ne kuma aka fi zamewa. Jera kayan da tatsuniyoyi masu duhu suka saba ɗauka, ka tambayi kowanne: wane aiki kake yi a labari, kuma mene ne a kimiyya ke yin irin aikinka?

Sharaɗin lokaci, irin na "ki dawo kafin tsakar dare", aikinsa sa wa jaruma igiya a ƙafa. A 2015 masu bincike a jami'o'in Harvard da Yale suka ƙera bakteriyar da ba za ta iya rayuwa ba sai an ba ta wani sinadari da babu shi a halitta, don in ta tsere daga ɗakin gwaji ta mutu. Daga nan na ɗauko ɗigon ruwan da yarinyata ke sha. Ba a buƙatar katanga ko masu gadi. Iyakar tafiyarta ita ce inda za ta kai ta dawo kafin faɗuwar rana.

La'anar da ke jira sai yaro ya girma tana da 'yar'uwa a cutar Huntington. Ana haihuwar mutum da ita, yawanci ba ta bayyana sai tsakanin shekara 30 zuwa 50, lokacin da ya riga ya haifi nasa 'ya'yan, kowanne kuma rabi da rabi ne ya gada ko ya tsira. Wani guntun rubutu ne ke maimaita kansa fiye da kima, kuma yakan ƙara tsawo daga uba zuwa ɗa, sai ciwon ya riƙa zuwa da wuri a zuriya ta gaba. La'ana mai gaggawa, sau da yawa takan sami jika da ƙuruciya fiye da kakansa.

Takalmin da a tatsuniya ake yawo da shi gida-gida ana gwadawa don gano yarinya ɗaya, yau auduga ce da ake goga wa mutum a cikin kunci don ɗibar DNA ɗinsa. Kuma ba sai an sami yarinyar ba. A 2018 'yan sanda a Kaliforniya suka kama wani mai kisa da aka shafe shekaru masu yawa ana nema, ta hanyar DNA ɗin danginsa na nesa da suka sa nasu a wani rumbun neman asali. Ma'ana jarumarka na iya ɓuya da kyau, ɗan kawunta da bai taɓa ganinta ba ya tona ta ba da saninsa ba.

Rikiɗar mutum zuwa dabba ko dabba zuwa mutum: a watan Janairun 2022 likitoci a Jami'ar Maryland suka dasa wa wani mutum zuciyar alade da aka yi wa sauyi goma, ya rayu kusan wata biyu.

Daji kuwa, inda ake zubar da yaran da ba a so, ga inda za ka same shi. Tunkiyar nan Dolly da aka haifa a Sukotland a 1996, kwafin wata tunkiya, ita kaɗai ta zo duniya daga ƙwai 277 da aka haɗa. Duk nasara ɗaya da hukumar labarinka ke nunawa a allon talla, akwai ɗaruruwa a bayanta. Ina suke? Wa ke ciyar da waɗanda suka ƙi mutuwa? Amsar ita ce dajinka.

Gargaɗi a nan. Kar ka kwashi kayan nan duka ka zuba a labari ɗaya, kuma kar ka ɗauki wata sananniyar tatsuniya ka bi ta daki-daki kana musanya sandar tsafi da allura. Mai karatu zai gane wasan tun babi na biyu, daga nan ya daina jin tsoro ya koma cankar abin da ke tafe. Biyu ko uku sun isa. Ni a nawa na riƙe sharaɗin lokaci da daji, sai kuma abu guda da na ɓoye sai kusa da ƙarshe: an tabbatar cewa ƙwayoyin ɗan tayi kan tsallaka su zauna a jikin uwa shekaru da dama bayan haihuwa. To in yarinyar mallakar Gidan Reno ce a takarda, wani ɓangare na wannan dukiya yana cikin jikin uwar. Shafi na 31 na yarjejeniyar ya yi magana a kai. Ba ta karanta ba.

Mataki na huɗu: gina duniyar daga teburin akawu

Duniyar ƙunci da sababbin marubuta ke zanawa kusan iri ɗaya ce: sararin sama baƙi, sojoji masu rufe fuska, shugaba mai ihu a allo. Tarihi ya nuna wata kama dabam, kuma ta fi sa tsigar jiki tashi.

A 1883 Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin, ya raɗa wa aƙidar "inganta iri" suna. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta halatta a yi wa wata matashiya mai suna Carrie Buck tiyatar hana haihuwa ba da son ranta ba. Mutum fiye da 60,000 aka yi wa haka a Amurka. Jamus ta kafa tata dokar a 1933, aka yi wa wajen 400,000. Suwidin, ƙasar da ake yabo da jin ƙan talaka, ta ci gaba da irin wannan daga 1934 har tsakiyar shekarun 1970. Waɗanda suka gudanar da aikin likitoci ne da alƙalai da ma'aikatan jin daɗin jama'a, masu fom da hatimi, da yawansu kuma sun kwanta barci suna jin taimako suka yi.

Don haka ka zauna ka tsara harkar kamar kai ne akawun hukumar. Wa ke biyan kuɗin gyara? Wanda ba a gyara ba, wane aiki aka hana shi, wa aka hana shi aura? Wace kalma mai daɗi ake kiran abin da ita a takarda, wace kuma mutane ke kiransa da ita in sun rufe ƙofa? Wannan ta ƙarshen ka ba ta lokaci. A labarina takarda na cewa "yaran kulawa", unguwa na cewa "'yan aro".

Sai batun mallaka. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga jikin Henrietta Lacks a wani asibiti a Baltimore ba tare da an tambaye ta ba. Ta rasu a wannan shekarar tana da 31, ƙwayoyinta kuwa har yau suna raye a ɗakunan gwaje-gwaje a faɗin duniya, iyalinta ba su sani ba sai bayan fiye da shekara 20. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba a mallakar ƙwayar gado yadda take a halitta, amma wani nau'in da aka haɗa a ɗakin gwaji ana iya mallakarsa. Tura wannan layin gaba kaɗan, ka sami dokar duniyarka: abin da Allah ya rubuta naka ne, abin da kamfani ya rubuta nasa ne, ko da a ɓargonka yake.

Kashi ɗaya cikin goma na abin da ka tsara ne zai shiga labarin. Sauran ya zauna a littafin ajiyarka.

Mataki na biyar: mayyar

A bugun farko na tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tattara a 1812, sarauniyar da ke kishin kyan yarinya har ta sa a kashe ta uwarta ce mahaifiya. A bugun 1819 suka mayar da ita matar uba, don abin ya yi wa masu karatu nauyi. Kai ka mayar da nauyin inda yake. Mugun da ya fi tasiri a irin wannan labari shi ne wanda ke da haƙƙi na gaske a kan yaron.

Likitar da ta gyara yarinyata ita ta zaɓi launin idonta, ta san ranar da haƙorinta na farko zai fito, tana ajiye da hotonta na kowace shekara a aljihun tebur. In ta ce "'yata", ba ƙarya take yi ba gaba ɗaya. Ka ba ta hujja mai ƙarfi: ɓargon yarinyar zai ceci yara ɗari biyu. Ka bar ta ta faɗi hujjar da kyau, har mai karatu ya rasa amsa na ɗan lokaci.

In kana son ganin yadda irin wannan mutum yake a zahiri, duba He Jiankui, masanin ƙasar Sin da ya sanar a watan Nuwamban 2018 cewa an haifi tagwaye mata da ya sauya wa CCR5 tun suna 'yan tayi. Mahaifinsu na ɗauke da HIV, kuma akwai hanyoyin kare jarirai daga cutar ba tare da taɓa DNA ba. Ya fito gaban duniya yana alfahari, yana jiran yabo. A ƙarshen 2019 kotu ta ɗaure shi shekara uku. Ya fito, yaran kuwa da abin da aka rubuta musu za su rayu.

Kar ka wanke uwar ma. Ita ta sa hannu, kuma wata rana yarinyar za ta tambaye ta.

Mataki na shida: murya

Tatsuniya ba ta bayani, faɗa kawai take yi. Ba ta ce maka ga dalilin da ya sa dodo ke magana, kai ma ba ka tambaya. Labarin kimiyya kuwa ya saba da dalili da adadi. Dabarar ita ce ka faɗi abin kimiyya da bakin tatsuniya, gajerun jimloli, ba mamaki, ba rawar murya:

"An yi wata mata, ciki uku ta yi, uku suka zube. A na huɗu sai ta tafi Gidan Reno. Aka ba ta kujera mai laushi, aka ba ta ruwa mai sanyi, aka ba ta takarda mai shafi arba'in. Ta karanta shafin farko, ta karanta na ƙarshe. Likita ta ce, 'Akwai tambaya?' Ta ce, 'Za ta yi kuka in an haife ta?' Likita ta ce, 'Sosai ma.' Sai ta sa hannu."

Babu kalmar kimiyya ko ɗaya a nan, amma an san inda ake. Kalmomin fasaha ka bar su a bakin ma'aikata da cikin takardu, inda sanyinsu zai yi aiki. Yara kuma ka ba su waƙar wasa da ke ɗauke da dokar duniyar, irin wadda ake tafawa ana dariya ba a san abin da ake faɗa ba. Ka rubuta taka, layi huɗu sun isa, ka dawo da ita sau uku, kowane karo ma'anarta ta ƙara duhu.

Jini da ƙazanta ka yi tsimi da su. Yarinya na lissafa sauran ɗigon da ke kwalba da yatsa ta fi gawa goma tayar da hankali.

Mataki na bakwai: tsari da ƙarshe

Yi amfani da uku-uku, amma kar maimaicin ya zama kwafi. Sau uku yarinyata ta makara shan ɗigonta. Na farko mantuwa ce, tana da shekara shida, yatsunta suka sandare, uwar ta ɗauke ta a guje. Na biyu gwaji ne, tana da sha uku, tana son ganin iyakar igiyar, ta kai awa huɗu ta faɗi. Na uku a daji ne, kwalba ta ƙare, rana ta faɗi, gari ya waye, ba ta mutu ba. A nan abin da ka riƙe daga mataki na biyu zai biya ka: gyaran bai kama dukkan jikinta ba, wani sashe nata tun asali bai san da yarjejeniyar ba. Ka dasa alamar wannan tun farko, wani tabo mai launi dabam a kafaɗarta da likitar ke yawan kallo tana shiru, don in ya bayyana mai karatu ya ce ashe, kar ya ce ina aka samo wannan.

Game da ƙarshe, guji biyu. Kar jarumar ta rushe hukumar ita kaɗai da bam ɗaya, duniyar da ka gina da fom da hatimi ba ta faɗuwa haka. Kar kuma ka kashe kowa don a ce labarinka mai zurfi ne. Tatsuniya na ƙarewa ne da biyan bashi: ko a biya, ko a sami kafa a cikin lafazin sharaɗin, ko wani ya biya a madadin wani. Takardar ta ce ranar cika shekara 16 za a miƙa "jikin da ke ɗauke da rubutun cibiya". Jiki biyu ke ɗauke da shi. Uwar ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, ta zauna a bakin ƙofa tana jiran mota.

Mataki na takwas: gyara

Bar rubutun ya kwana aƙalla mako biyu, sannan ka bi shi sau uku, kowane karo da ido dabam.

Karon farko ka ja layi ƙarƙashin duk inda ka yi bayanin kimiyya, ka tambayi kowane wuri ko wani a labarin zai cutu in aka cire shi. In babu, cire. Karo na biyu ka nemi inda ka karya dokarka. In ka ce kafin faɗuwar rana a babi na ɗaya, kar a ga yarinyar tana yawo da dare a babi na tara ba tare da ta biya ba, sai dai inda ka shirya hakan da gangan. Ka kuma duba yadda ka zana mutanen daji. Akwai masu karatunka da ke rayuwa da cututtukan gado, in duk mai naƙasa a labarinka dodo ne ko abin tausayi, ka ɗauki idon hukumar da kake suka ka sa a fuskarka. Ba su suna da barkwanci da rigingimunsu na kansu.

Karo na uku ka rufe takardun, ka sami wanda bai san labarin ba, ka ba shi da baki cikin minti biyar. Inda ka tsaya kana cewa "dakata in yi maka bayani", sa alama, wurin ne za ka sake rubutawa. In ka gama, kashegari ka roƙe shi ya maimaita maka abin da ya riƙe, ka ji ko sharaɗin ya fito daga bakinsa daidai yadda ka gindaya shi.